Farin Ɓawon da Iya Ta Kankare

Anguwan Juma, Birnin Zariya
14 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga 'yata Ibtisam,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, kina salla a kan lokaci, kina kuma cin abinci na kirki ba biskit da ruwan leda ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai gwiwata ta hagu da kika sani. Yayanki Suhail da iyalinsa suna gaishe ki. Ruwa ya ɗauke tun makon jiya, bangon bayan gida bana ma bai faɗi ba.

Kin san ba na yin magana mai nauyi a waya. Waya ta "ina kwana" ce da "kin sauka lafiya". Abin da ke da nauyi rubuta shi ake yi, mutum ya zauna ya karanta sau biyu kafin ya buɗe baki. Shi ya sa na ba Malam Nasiru direba wannan, zai ajiye miki a tashar Akure in zai wuce Legas, in zai dawo kuma ya karɓo mini amsa.

Ranar Juma'a Gwaggonki Huseina ta zo daga Gyallesu, ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini wayarta. Na ga hotonki. Kin sa farar riga irin ta likitoci, kin tsuguna gaban wani baho cike da ɓawon lemo, kina dariya har da haƙora. Bayanki ga mai tallan lemo riƙe da wuƙarta. Huseina ta ce ke da kanki kika sa hoton inda kowa zai gani, kika rubuta a ƙasa wai "kayan aiki". Na ce mata ba ke ba ce. Ta buɗa hoton da yatsu biyu, sai ga mayafin da na ɗinke miki bakinsa da hannuna.

Ibtisam, na yi makaranta har aji biyar na sakandare, ban kuma taɓa faɗuwa kimiyya ba. Na san abin da ake kira injiniya. Injiniya gada yake yi, ko inji, ko ya ja wuta. Ban taɓa jin wanda ya tafi digiri na biyu a kan abin da ake zuba wa awaki ba.

Hoton ya kai wurin Baffanki Alhaji Zailani kafin ya zo wurina. Tun rasuwar mahaifinku maganarku a hannunsa take, kin kuma san bai so tafiyar nan ba. Ni na je har gidansa na durƙusa na ce karatu za ki yi, na ɗauki maganar a kaina. Jiya ya sa aka kira ni. Ya ce ya ba ni zuwa bikin ɗansa Haisam, ranar sha huɗu ga Disamba. In dangi sun taru, zai tambaye ni abin da kike yi a Kudu. In na ba shi amsar da hankali zai ɗauka, ki ci gaba. In ban ba shi ba, ki tattaro kayanki, ya riga ya yi miki maganar aikin koyarwa a wata makaranta a Wusasa.

Ban yi masa gardama ba. Ke ma da kin ga hoton da idona da ba ki sami abin cewa ba.

Ki rubuto mini da Hausar da zan gane: me kike yi da ɓawon lemo? Kada ki cika mini takarda da manyan kalmomi. Kuma ki cire hoton nan. 'Yar gidan mutunci ba ta tsuguno a bakin titi tana buɗe haƙora.

Mahaifiyarki,
Batulu

*

Akure
18 ga Oktoba

Iya,

Wa alaikumus salam. Na karanta sau biyu kamar yadda kike so, na ukun ma na yi. Ina lafiya, ina salla, ina dafa abinci. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar. Hoto na cire shi tun a tasha, ki yafe mini.

Iya, kin san yadda lemon Kaka na tsakar gidanmu ke faɗowa daga can saman reshe ya bugi daɓe, tim, mu ruga mu ɗauka mu tarar bai fashe ba? Gwanda in ta faɗo daga rabin wannan tsayin tarwatsewa take. Abin da ya hana lemon fashewa ɓawonsa ne. Cike yake da ƙananan ramuka, kuma ba girmansu ɗaya ba. In ya bugi ƙasa, ramukan ne ke lotsewa ɗaya bayan ɗaya, su shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga abin da ke ciki.

Aikina shi ne in duba yadda Allah ya tsara ramukan nan a ƙarƙashin na'ura, in auna su, sannan in kwaikwayi tsarin da wani irin soso da muke haɗawa a ɗakin gwaji. In ya yi kyau, shi za a shimfiɗa a cikin hular kwano ta masu babur. Mutum in ya faɗi, hular ta yi wa kansa abin da ɓawo ke yi wa lemo. Ke nan, Iya. Babu babbar kalma ko ɗaya.

Matsalata ita ce lemon garin nan. Na bi masu talla har na gaji, abin da kika gani a baho ke nan, duk ɓawonsu siriri ne, bai isa a yi awo da shi ba. Na nuna wa Farfesa, matar da ke duba aikina, wani tsohon hoton da muka yi a gindin bishiyarmu, ta ga lemon da Yaya Suhail ya yanka ya riƙe. Ta tashi tsaye ta ce ina aka sami wannan. Ta ce in na kawo irinsa, aikina ya sami ƙafa.

Don Allah Iya ki aiko mini da ɓawon lemon Kaka ta hannun Malam Nasiru. Na san yanzu ya fara nuna. Na'urar da za a duba shi ta makarantar gaba ɗaya ce, layi ake bi, ni an ba ni ranar ashirin ga Disamba. Kafin nan ina so in gwada hannuna a kansa.

Ki gaida Yaya da Gwaggo. Ki ce wa Baffa ina durƙushe ina gaisuwa.

'Yarki,
Ibtisam

*

Anguwan Juma
28 ga Oktoba

Ibtisam,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa da sauƙi, sai dai hannuna na dama ya yi tsami saboda aikinki.

Na karanta bayaninki. Ba zan ce na gane duka ba. Mutum ba lemo ba ne, kansa kuma ba a bishiya yake rataye ba. Hular ɓawo, in rana ta buga ta, ƙuda ba zai bi mai babur ba? Amma tunda kin ce malamarki ta tashi tsaye, akwai abin da ta gani. Ban gaya wa Baffanki komai ba tukuna. In na ce masa 'yarsa hular ɓawon lemo take ɗinka wa 'yan acaba, ba zai jira Disamba ba.

Na ɗauki lemon na fita rana na duba ramukan da kika ce. Na gan su. Suna nan a bayan ɓawon, ƙanana kamar an tsattsaga da allura, in an matsa su fitar da ruwan nan mai shiga ido. Shekara talatin da huɗu ina gidan nan ban taɓa lura ba. Wannan kam kin yi gaskiya.

Abin da ba ki da shi shi ne hankalin aike. Wa ya taɓa aika ɗanyen ɓawo tafiyar kwana biyu a bayan mota? Kafin ya kai Lokoja ya yi fumfuna. Duk karatunki ba a koya miki wannan ba, ni kuwa uwata ta koya mini ina da shekara tara. Na sa Suhail ya kaɗo guda ashirin da biyu, manya manya. Na fere su da kaina. Na zauna kwana biyu da cokali na kankare farin nan na ciki tas, don shi ke riƙe danshi, shi ke ɗaci, shi ke ruɓar da ɓawo. Lemon Kakanku kuwa farin nan ne ya yi masa yawa, kaurinsa ya kai yatsu biyu, sai da na cika bokiti uku na zubar. Abin da ya rage, mai ramukan, na shanya a faifai har ya yi ƙayau.

Rabi na bar miki shi a yadda yake. Rabi na daka na tankaɗe, don na ga na'ura za ta fi jin daɗin gari. A ƙullin garin na ƙara ɗan kanumfari da citta, in ya yi saura ki riƙa zubawa a shayi, garinku da sanyin safe.

Tsokar lemon ba wanda ya iya sha, kin san ɗacinsa. Na raba wa maƙwabta su wanke tukwane.

Ki koyi wannan: abu in za a yi, a yi shi da tsabta a kuma gama shi. Ki nuna wa malamarki, ta san daga gidan da kika fito.

Mahaifiyarki,
Batulu

*

Akure
1 ga Nuwamba

Iya,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri, ya ba hannun sauƙi. Na sha shayin, ya yi daɗi.

Iya, ban san yadda zan faɗa ba. Farin nan da kika kankare, shi ne aikin. Shi nake nema. Ramukan da nake nufi a cikinsa suke, ido ba ya ganinsu sosai, shi ya sa in kin danna shi yake lotsewa kamar katifa. Na bayan ɓawon wasu ne daban, na man nan ne mai shiga ido. Laifina ne, ban ce miki fari ba. Na buɗe ƙullin a gaban Farfesa ban duba ba, ƙanshin kanumfari ya cika ɗakin gwaji, ta yi ta atishawa. Na gaya mata abin da kika rubuta, ta tambaye ni ina bokiti ukun. Na ce an zubar. Ta zauna ta dafe kai.

Don girman Allah Iya, wannan karon kada ki yi masa komai. Kada a fere, kada a shanya, kada a wanke, kada a yanka. Lemon ɗungurungum, yadda aka tsinko shi, a sa a kwali. In yana rufe da ɓawonsa ba zai lalace a kwana biyu ba. Farfesa da kanta take so ta riƙe shi a hannu ta gani, ita za ta yanka.

Saura nawa a bishiyar? Ina buƙatar aƙalla uku, don awon abu ɗaya ba a yarda da shi.

'Yarki,
Ibtisam

*

Anguwan Juma
11 ga Nuwamba

Ibtisam,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya. Matar Suhail ta yi zazzaɓi ta warke.

Takardarki ta zo, na ajiye ta mako guda kafin in amsa, don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Kwana biyu na yi a kan kujera 'yar tsuguno ina kankara, ki rubuto mini wai abin da na zubar shi ne aikin. Wato a cikin lemo, tsokar ba ta da amfani, ɓawon mai ƙanshi ba shi da amfani, sai farin da ko akuya in ta tauna take tofarwa. Ramukan da na gani da idona ba su ba ne, waɗanda ba a gani su ne. Wannan wane irin karatu ne, Ibtisam? "Kada a fere, kada a wanke." Yaushe kika fara jera mini dokoki kamar allon asibiti?

Duk da haka na yi abin da kika ce, na aiko lemo ɗungurungum. Amma akwai inda ba zan bi ki ba. Kin ce Farfesa da kanta za ta riƙe shi, ita za ta yanka. Matar da ke koyar da ke, mai shekaru, mai matsayi, a miƙa mata lemon Kakanku? Wannan ƙaton abu mai ƙuraje, mai ɗacin da ke sa mutum hawaye? In ta yanka ta kai baki fa? Ta ce mutanen Zariya abin da suka rasa yadda za su yi da shi suke aika wa malaman 'ya'yansu. A gidanmu malami mafi kyawun abu ake kai masa, haka aka yi wa malamin allonki, haka za a yi wa wannan.

Na je kasuwar Tudun Wada da kaina, da gwiwar nan. Na zaɓi arba'in ɗaya bayan ɗaya, masu santsi, masu nauyi, ɓawonsu kamar takarda, ruwa zalla. Na ɗanɗana biyu, zuma. Lemo dai lemo ne, in Allah ya sa ramuka a wancan ya sa a wannan. Ban fere ba, ban yanka ba. Wankewa kam na wanke, ba zan aika wa mutum abu da dattin kasuwa ba.

Ki kai mata da hannu biyu, ki ce mahaifiyarki tana gaisuwa, tana kuma ba da haƙurin atishawa.

Kin tambayi na bishiya. Saura bakwai, can sama inda gorar Suhail ba ta kai ba.

Baffanki ya aiko da katin biki. Da ɗan aiken zai tafi ya ce Alhaji ya ce a tuna mini magana. Ban manta ba, amsar ce har yau ba ni da ita.

Mahaifiyarki,
Batulu

*

Anguwan Juma
25 ga Nuwamba

Ibtisam,

Assalamu alaikum. Lafiyarki kuwa?

Malam Nasiru ya dawo sau biyu hannu wofi. Ya ce kin karɓi kwali kin buɗe a gabansa, kin daɗe kina kallo, kin ce masa kin gode kin juya. A waya kuma "ina kwana Iya, lafiya lau Iya", ki kashe. Ni na ce ba a maganar nauyi a waya, ban ce a daina ta a takarda ba.

Fushi kike da ni? A kan me? Kin ce ɗungurungum, na aiko ɗungurungum. Ko Farfesar ce ta raina? Ko ya lalace a hanya? In na yi kuskure ki faɗa, shiru ba tarbiyya ba ce. Saura kwana goma sha tara biki. Huseina ta zo jiya tana tambaya ko an share miki ɗakinki.

Biyu sun faɗo daga bishiya, ban lura ba har suka ruɓe a bayan randa. Saura biyar.

Mahaifiyarki,
Batulu

*

Akure
29 ga Nuwamba

Iya,

Ina gaisuwa, ina neman afuwa. Ba fushi nake ba. Na fara rubutu sau huɗu ina yagawa.

Farfesa ta ji daɗin lemo ƙwarai, ta ce in yi miki godiya. Duk ɗakin gwaji an sha, har masu gadi. Da aka gama ta ɗauki ɓawon ɗaya ta ɗaga, haske yana ratsa shi. Ta ce, "Ibtisam, wannan irin na cikin bahonki ne." Ta ce in ranar ashirin ta zo ba ni da abin sa wa na'ura, za a ba wani layina, ni kuma sai bayan wata biyar.

Iya, na rasa yadda zan yi bayani. Na ce ɓawo, kin gyara shi. Na ce lemo, kin sauya shi da wanda ya fi kyau. Duk don ki fitar da ni kunya kika yi, na sani. Abin da nake nema shi ne mummunan, mai ƙurajen, mai ɗacin, da farinsa a jiki. Shi kaɗai ne ke faɗowa daga sama bai fashe ba.

Ba na so ki tsaya gaban Baffa kina kare abin da ke kanki ba ki yarda da shi ba. Kin durƙusa sau ɗaya saboda ni, ya isa. In ya ce in dawo, zan dawo. Koyarwa ma aiki ne. Ki ce wa Gwaggo ta bari, ni zan share ɗakin da kaina.

'Yarki,
Ibtisam

*

Anguwan Juma
16 ga Disamba

Ibtisam,

Assalamu alaikum. An yi biki lafiya, an kai amarya, Haisam yana gaishe ki. Gwiwata ta kumbura, za ki ji dalili.

Takardarki ta ƙarshe ba ta yi mini daɗi ba. Ni ban haifi mai cewa "koyarwa ma aiki ne" da muryar marar lafiya ba. Kuma ba ke za ki gaya mini abin da na yarda da shi da wanda ban yarda ba. Ban yarda ba don ban gani ba, shi ke nan.

Ranar Laraba da hantsi, da gida ya watse, na sa sakata. Na tsinko lemo ɗaya da gora biyu da na ɗaure. Na ɗauko ƙwai uku don in gwada maganarki da idona, na kifa turmi na hau, na miƙa hannu daidai kan katanga. Na saki ƙwai tsirara, ya fashe. Na naɗe wani da guntun ɓawon da na kankare kwanaki, wanda ya maƙale a faifai, na jiƙa shi, na ɗaure da zare, ya fashe. Na yi istigfari, na kira mage ta lashe. Sannan na yanka lemon Kakanku, na lulluɓe ƙwai na uku da ɓawon, da farinsa, na ɗaure tamau. Na saki. Na sauko na kwance. Ibtisam, ko tsagewa bai yi ba. Na sake hawa. Sau uku ina sakin ƙwai ɗaya. Na zauna a kan turmin na daɗe. Daga baya na soya shi na ci.

Sai na ce to, amsar Baffanki ta samu. Ranar Juma'a na tsinko na biyu, na shirya ƙwai na ɗaure tun da wuri saboda hidimar biki, na sa a jaka.

Jiya da safe, washegarin biki, dangi suka taru a falonsa. Ya ce, "To, Hajiya Batulu, muna jin ki." Na ce, "Yaya, ba baki zan yi ba, nunawa zan yi." Na fito da ƙullin. Huseina ta ce, "Ikon Allah, abin ya kama uwar ma." Na ce a ba ni abin hawa. Baffanki ya ce a'a, in gwaji ne a yi na gaske, ya sa Suhail ya hau bene ya sako daga baranda.

Ya fashe. Ba fashewa kaɗai ba, gwaiduwar ta fito ta gefe ta wanke wa Baffanki takalmi, sabon da ya saya don biki. Mata suka toshe baki da mayafi. Ya dubi takalmin, ya dube ni, ya ce, "To, an gani."

Na ce, "Yaya, a gidana bai fashe ba. Sau uku."

Ya ce, "Wa ya gani?"

Na ce, "Ni."

Huseina ta yi dariya. Na ce mata ta bari in gama da yayanta. Na ce, "Shekara talatin da huɗu ina cikin gidanku. Ka taɓa kama ni da ƙarya?" Ya ce a'a. Na ce, "To abu ɗaya ya ƙi fashewa a can, ya fashe a nan. Ni ban san dalili ba. Kai ba ka sani ba. Huseina kuwa ba a magana. Yarinyar nan dalilin ta tafi nema. In ka dawo da ita, wa zai gaya mana?"

Wallahi ban shirya wannan maganar ba. Sai mijin Huseina ya ce ai tsayin ne, bene ba katanga ba ne. Baffanki ya ce ba tsayi ba ne, tayil ne, daɓen ƙasa yana da taushi. Suhail ya ce shi ya ji ɓawon ya yi laushi a hannunsa, kwana biyu a jaka. Suka kaure da musu, manyan mutane da furfura, har wani ya ce a kawo wani ƙwan. Na ce babu mai taɓa mini sauran lemo. Can Baffanki ya juyo ya ce, "Wata nawa ya rage mata?" Na ce bakwai. Ya ce, "Bakwai. Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba. Kuma ki ce ta rubuto, tayil ne ko ba tayil ba."

Kada ki ɗauka na gane aikinki. Har yanzu ban ga yadda za a yi soso ya zama lemo ba, ban kuma san abin da na'ura za ta gani a cikin abin da ba a gani ba. Ƙwai uku sun tafi a banza ta dalilinki, wannan hakki ne, ki yi sadaka.

Ga uku na ƙarshe a kwali, bishiya ta zama wayam. Da guntun reshensu, da ƙurajensu. Ɗaya akwai kashin tsuntsu a jikinsa. Sau biyu ina ɗauko tsumma ina mayarwa. Ki gaya wa Farfesa ke kika ce a bar shi haka, ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

Malam Nasiru zai iso ranar Laraba, ki je tasha da wuri. Ki zauna ki gama abin da ya kai ki. Amsar Baffanki kuma ki rubuto ta da Hausa. Ni a ganina kwana biyun nan ne a jaka, amma ban faɗa a falo ba, don ni na sa shi a ciki.

Mahaifiyarki,
Batulu